Yadda ake rubuta tsuntsaye da itatuwan da aka gani a daji har masu bincike su amfana

Tambaya: Wani malamin makaranta daga yankin Haɗejiya ya ce kullum yana bin hanyar gona da bakin fadama, yana ganin tsuntsaye da itatuwa da sawun namun daji iri-iri, wani lokaci ya ɗauki hotonsu da waya. Yana son sanin yadda zai riƙa rubuta su ta hanyar da za ta yi wa masu bincike amfani, da inda ake kai irin wannan bayani, ganin cewa shi bai karanci ilimin halittu ba.

Amsa: Malam, rashin takardar ilimin halittu ba zai hana ka komai ba. Kaso mai tsoka na abin da aka sani yau game da inda tsuntsayen Najeriya suke, masu sa kai ne suka tara shi, ɗalibai da malamai da ma'aikatan da suke fita ranar hutu. Abin da ke raba rubutun da ake aiki da shi da wanda ake watsarwa abu ɗaya ne: ko wanda bai je wurin ba zai iya bin diddigin abin da ka ce ka gani. Don haka dole kowane rubutu ya faɗi me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani, da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana dubawa. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa, alhali shi ne yake ba sauran daraja.

Ka fara da ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi wanda zai shiga aljihu, da fensir. Tawadar biro tana narkewa idan ruwa ko gumi ya taɓa ta, rubutun fensir kuwa yana nan. A nan take ake rubutawa, tsuntsun na gabanka. Wanda ya bari sai ya koma gida ya buɗe littafin hotuna, zai tarar ƙwaƙwalwarsa ta gyara abin da ya gani ya dace da hoton da ya fi burge shi, kuma shi kansa ba zai san ta yi hakan ba. Kowace fita ta samu nata kan shafi, misali haka: 14 ga Janairu 2025, bakin fadama gabas da gari, 12.4531 arewa, 10.0412 gabas, an fara 6:50, an gama 8:20, tafiyar ƙafa kilomita 2, mutum biyu, akwai hazo, iska kaɗan. Sunan wata a rubuta shi da kalma. Idan ka rubuta 05/06, wani zai karanta 5 ga Yuni, manhajar da aka yi a Amurka kuma ta ɗauka 6 ga Mayu, kuma a harkar tsuntsaye masu ƙaura wata guda babban bambanci ne.

Batun wuri shi ya fi lalata rubuce-rubuce, don haka bari in daɗe a kansa. Sunan ƙauye kaɗai bai isa ba. Ka lissafa yawan Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi da ke ƙasar Hausa. Ka rubuta sunan wurin yadda mutanen wurin suke kiransa, da ƙaramar hukuma, sannan lambobin GPS. GPS na waya ba ya buƙatar data ko sabis, daga tauraron ɗan adam yake karɓa, sai dai yana son fili. Ka fita daga ƙarƙashin inuwar itace, ka jira kamar minti ɗaya har wayar ta nuna kuskurenta bai wuce mita 20 ba. Lamba huɗu bayan ɗigo suna kai ka kusan mita 11 daga ainihin wurin, kuma sun wadatar. Lamba biyu kacal suna barin tazarar fiye da kilomita ɗaya.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko musanya lambobin. Ta arewa ake fara rubutawa, sannan ta gabas. Kano tana kusa da 12.0 arewa, 8.5 gabas. Idan ka juya su, ɗigonka zai sauka wajen Ganye a jihar Adamawa, kuma tunda har yanzu cikin Najeriya yake, ba lalle wani ya lura ba. A yankinku na Haɗejiya ma haka ne, lambobin biyu suna kusa da juna, juyarwar ba ta fitowa fili. Na biyu cakuɗa tsarin digiri da minti da tsarin ɗigo. Digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, domin minti 60 ne a digiri ɗaya. Wanda ya kwafe shi a matsayin 12.30 ya kauce da kimanin kilomita 22. Ka zaɓi tsarin ɗigo a wayarka ka tsaya a kansa.

Akwai kuma tarkon WhatsApp. Hoton da waya ta ɗauka yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa da wurinsa a cikinsa, muddin ka ba kyamara izinin amfani da wuri. Da zarar ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, ko ka ɗora a Facebook, wanda ya sauke shi ba zai samu wannan bayani ba, kuma an matse hoton ya rage kaifi. Idan za ka tura wa masani, ka tura shi a matsayin fayil, ka kuma ajiye na asali kada ka goge.

Sai gane abin da aka gani. A littafinka ka raba abu biyu: siffar da idonka ya gani, da sunan da kake zato. Siffa ita ce hujja, suna kuwa ana iya gyara shi ko bayan shekara goma. Ga tsuntsu, ka fara da girma ta hanyar kwatanta shi da wanda kowa ya sani: ya kai kurciya, ya fi hankaka, bai kai balbela ba. Sannan baki, tsawonsa da launinsa da ko ya lanƙwasa, ƙafa, ido, jela, alamar da ke bayyana a fiffike idan ya tashi, abin da yake yi, da inda yake, ƙasa ko ƙololuwar itace ko cikin ruwa. Launin jiki shi ne mafi yaudara, musamman a cikin hazon hunturu ko idan rana na fuskantarka. Ka tsara tafiyarka yadda rana za ta kasance a bayanka, wato da safe ka nufi yamma. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9:30 ne tsuntsaye suka fi motsi da kuka, sai kuma bayan la'asar.

Sunayenmu na Hausa suna da amfani ƙwarai, amma sau da yawa suna ɗaya yana rufe nau'i da dama. Ɗauki kurciya. Wadda ta fi yawa cikin gari ba ta da baƙin zobe a bayan wuya, ƙirjinta ne ke da ɗigo-ɗigon baƙi, gefen fiffikenta kuma toka-toka mai shuɗi. Akwai masu rabin zobe baƙi a ƙeya har iri uku ko huɗu a yankinku, kuma a ido ake raba wasunsu: wata idonta baƙi ne, wata kuma, mai son bakin ruwa, idonta rawaya ne da jar fata kewaye da shi. Da rani wata takan zo daga Turai, mai zane-zanen baƙi da fari a gefen wuya da fiffike mai kamar ɓawon kifi. Bardo shi kaɗai ne ba ya wahalarwa, saboda ƙanƙantarsa da doguwar jelarsa. Cilakowa iri biyu ce a wurinku, mai jan baki da fararen ɗigo a fiffike, da mai launin toka wadda bakin namijinta baƙi ne. Farin tsuntsun bakin ruwa ma ba duka ne balbela ba. Balbela gajeren baki gare ta rawaya, tana bin shanu. Idan ka ga siririn baki baƙi, ƙafa baƙa, yatsu rawaya, wani nau'in ne daban. Shirwar gida bakinta rawaya ne gaba ɗaya idan ta manyanta, wadda ke zuwa daga Turai kuma bakinta baƙi. Sai dai 'ya'yan shirwar gida su ma bakinsu baƙi ne, don haka baƙin baki kaɗai bai isa ka ce ka ga baƙuwa ba.

Inda ba ka tabbatar ba, ka tsaya a matakin da ka tabbatar. "Kurciya mai zobe, ban tantance ba" rubutu ne mai kyau. Sunan da aka cusa don kada a bar gurbi yana ɓata taswira, kuma cire shi daga baya ya fi shigar da shi wuya. Sunan Hausa kuma ka rubuta shi yadda aka faɗa maka, tare da garin da ake faɗin haka, domin abin da Basakkwace ya kira da wani suna, mutumin Damagaram ko na Haɗejiya zai iya kiransa da wani. Tun 1916 Dalziel ya wallafa tarin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har yau ana komawa gare shi, amma sunayen tsuntsaye da ƙwari na kowane yanki suna buƙatar mai rubuta su daga bakin mafarauta da masunta da makiyaya. Don tantance nau'in tsuntsu, littafin Borrow da Demey, Birds of Western Africa, shi ne wanda masu wannan aiki suka fi riƙewa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya ishe ka. Masu lamba 12 ko 16 suna rawa a hannu kuma suna ƙuntata abin da kake gani. Idan ka manna kyamarar waya a idon madubin, za ka samu hoton da ya isa hujja ko da bai yi kyau ba.

Yanzu ga abin da na fi son ka riƙe. Sabon shiga yakan ɗauka baƙon tsuntsu shi ne abin rubutawa, hankaka da hasbiya kuwa ɓata takarda ne. Masu bincike akasin haka suke nema: cikakken jerin duk abin da ka gani ko ka ji a wannan fita, har da wanda kake gani kullum. Dalili shi ne cikakken jeri yana faɗin abin da babu. Idan ka yi awa biyu a fadama ka rubuta nau'i 35 babu gauraka a ciki, an samu shaidar cewa an duba ba a gan shi ba. Idan kuwa abin da ya burge ka kaɗai kake rubutawa, rashin gauraka a littafinka ba ya nufin komai.

Ungulu ita ce misalin da ya fi ciwo. Duk wanda ya manyanta ya san lokacin da take cika mahauta da kasuwa, babu wanda ya ga dalilin ƙirga ta. Zuwa 2015 an saka ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma a garuruwa da yawa na Arewa yaro zai girma bai taɓa ganinta ba. Da an samu masu rubuta adadinta a mahautar garinsu kowane wata, da an san shekarar da raguwar ta fara da inda ta fi tsanani. Saboda haka "mahauta, ƙarfe 9 zuwa 9:30, ungulu sifili, shirwa 14, hankaka 6" rubutu ne mai nauyi. Wuri ɗaya da kake komawa kowane mako ko kowane wata, ta hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, na tsawon shekaru, ya fi wurare hamsin da ka leƙa sau ɗai-ɗai. Hanyar gonarka da kake bi kullum ita ce jarinka.

Shamuwa ma ta cancanci shafinta. Tana zuwa gabanin damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta koma kudancin Afirka bayan ɗaukewar ruwa. Ka rubuta ranar da ka fara ganinta kowace shekara, da ranar ruwan farko, da yawan sheƙa a kowace itaciya da irin itaciyar, da ranar da ka daina ganinta. Ga kowane tsuntsu kuma, alamar kiwo tana ƙara wa rubutu daraja: ɗaukar tsinke a baki, kai abinci, kwanci, ko 'ya'yan da ba su iya tashi ba. Daga nesa ake duba wannan. Yawan zuwa gindin sheƙa yana nuna wa yara da hankaka inda take.

Wajen ƙirga, lamba ta fi "da yawa". Idan garken ya yi girma, kamar kirinjijiya ko dinya a kan ruwa, ka ƙirga goma a gefe ɗaya, ka ga faɗin da suka ci, sannan ka riƙa auna sauran da wannan faɗin goma-goma. In sun kai dubbai ka koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Ka yi sau biyu, ka ɗauki tsakiya, ka sa "kimanin" a gaba. Yawanci ido yana rage babban garke, domin na tsakiya suna ɓoye bayan juna. Ka lura da garken da ka tayar ya sauka a gabanka, kada ka ƙirga shi sau biyu. Balbela kuwa a makwancinta ake ƙirga ta, da magariba, tana shigowa rukuni-rukuni. Kana zaune kusa da dausayin Haɗejiya da Nguru, inda agwagin ruwa da wasu tsuntsayen Turai suke sauka da rani, kuma a tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya. Masu wannan ƙidaya kullum suna neman ɗan gari da ya san hanya da lokacin janyewar ruwa.

Inda za ka kai bayanin ya danganta da irinsa. Ga tsuntsaye akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta fara a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida minti 5 na digiri a tsaye da minti 5 a kwance, wato kimanin kilomita 9 kowane gefe, kuma gidajen sun haura 11,000. Jerin tsuntsayen da ka gani a gida ɗaya shi ake kira kati. Ƙa'idar cikakken kati ita ce ka yi aƙalla awa biyu kana nema da gaske a cikin gida ɗaya, ka leƙa kowane irin muhalli da ke cikinsa, gona da fadama da cikin gari da saura, ka rubuta nau'o'in bisa jerin da ka gan su, kuma kana da kwana biyar a jere kafin ka rufe katin. Jerin yana da ma'ana, domin wanda aka fara gani galibi shi ya fi yawa. Manhajar BirdLasser tana nuna maka iyakar gidan, kuma tana aiki ba sabis. Kuskuren da ake yi shi ne tsallaka iyaka ba a sani ba a ci gaba da zuba wa tsohon kati. Idan ka aika tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, za a dawo maka da tambaya a nemi hoto ko siffa. Wannan ba ƙaryata ka aka yi ba, kowa ana yi masa, kuma a nan ne siffar da ka rubuta a fili take cetonka.

Akwai kuma manhajar eBird ta jami'ar Cornell, wadda ke karɓar adadi. Za ta tambaye ka ko a tsaye ka yi ko tafe, minti nawa, nisa nawa, da ko jerin cikakke ne. Kada ka amsa "e" sai in da gaske ka saka duk abin da ka iya ganewa. Gajerun jeri sun fi: kada ɗaya ya wuce awa uku ko kilomita takwas, in ka sauya muhalli ka buɗe sabo. Manhajojin da ke sauraron kuka su faɗi suna ba su ƙware a tsuntsayenmu kamar na Turai da Amurka ba, don haka abin da suka faɗa shawara ce, sai ka gani da idonka. Gara ka naɗi kukan na daƙiƙa 30 ka ajiye.

Ga itatuwa da ciyayi da ƙwari da macizai, manhajar iNaturalist ta fi dacewa. Kana ɗora hoto da rana da wuri, wasu su taya ka suna. Idan aƙalla mutum biyu suka sa suna kuma fiye da kashi biyu cikin uku suka yarda da nau'i ɗaya, sai rubutun ya samu alamar Research Grade, wato ya kai matakin da za a yi bincike da shi, daga nan ya wuce rumbun GBIF inda masu bincike na duniya suke ɗiba, in izinin amfani da rubutunka da ka zaɓa a manhajar ya yarda. Halitta ɗaya, rubutu ɗaya: kada ka haɗa hoton kuka da na tsuntsun da ke kanta. Kada kuma ka danna amincewa da sunan da wani ya ba ka don godiya kawai, domin da wannan dannawar taka sunan zai zama tabbatacce alhali mutum ɗaya ne ya san dalilinsa. Abin da aka dasa ko ake kiwo, kamar mangwaro da darbejiyar bakin titi da talotalo, akwai wurin da ake nuna ba na daji ba ne. Amma darbejiyar da ta tsiro da kanta a cikin saura ta daji ce, kuma rubuta ta yana nuna yadda take mamaye wuri.

Hoto ɗaya na itaciya daga nesa kusan ba ya amfanar kowa. Ka ɗauki itaciyar gaba ɗaya, da ɓawonta, da reshe yadda za a ga zaman ganye a kansa, da bayan ganyen, da ƙaya, da fure ko 'ya'ya in akwai, ko da waɗanda suka zubo ƙasa ne. Bayan ganye yana warware rigima da yawa. Magarya bayan ganyenta fari ne mai gashi-gashi, na kurna kuwa kore ne sumul. Kalgo iri biyu ne da suna ɗaya: Piliostigma reticulatum, wanda ya fi yawa a arewa mai ƙarancin ruwa, ganyensa da kwafsarsa ba gashi, Piliostigma thonningii kuwa bayan ganyensa da ɗanyar kwafsarsa suna da gashi mai launin tsatsa. Itatuwa masu ƙaya a ƙayar da kwafsa ake raba su. Bagaruwa ƙayarta miƙaƙƙiya ce bibbiyu, furenta rawaya dunƙule. Dakwara ƙayarta gajeru ne uku-uku masu ƙugiya, ta tsakiya ta kalli ƙasa, biyun gefe sun kalli sama, furenta fari dogo. Dushe ɓawonsa yana da gari ja ko fari-fari da ke manne wa hannu. Gawo kuwa halinsa ya isa shaida, shi ne yake kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Abin da hoto ba ya ɗauka sai ka rubuta: ƙanshin ganye idan an murza, ko yana fitar da farin ruwa kamar tumfafiya, da irin ƙasar, jigawa ce ko laka ko fako. Kaurin gindi ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ka zagaya da tef ɗin tela, ka raba da 3.14 ka samu faɗi.

Wani aiki mai sauƙi da ɗalibanka za su iya riƙewa: ku zaɓi itatuwa goma, misali gawo da ɗorawa da kuka da kanya da aduwa, ku ba kowace lamba, ku duba su duk mako biyu, ku rubuta ko akwai sabon ganye, fure, ɗanyen 'ya'ya, nunannu, ko an yi mata sassabe. Shekara uku na wannan ya fi ƙarfin abin da mai bincike daga nesa zai iya tarawa.

Idan tsiron ya gagari ganewa, ana busar da samfuri. Ka yanki reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 35 da fure ko 'ya'ya a jiki, ka shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne da katako da bulo. Ka rubuta lamba a jaridar, irin wadda ke littafinka. A kwanaki ukun farko kullum ake sauya jarida. Da hunturu ƙasa da mako ya bushe. Da damina kuwa in ka yi sakaci kwana biyu zai yi baƙi ya yi fumfuna. Kada a sa shi a leda, kada a shanya shi tsirara a rana, ganyen zai nannaɗe. Launin fure yana gushewa, don haka a rubuta shi tun yana ɗanye. Sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake kwatanta irin wannan. In tsiron ɗaya ne tak a wurin, hoto ya wadatar, a bar shi.

Namun daji galibi sawunsu da kashinsu za ka gani. Ka ajiye rula a gefen sawun, ka ɗauka daga sama kai tsaye, da sassafe lokacin da inuwa ke fito da zurfinsa, ka kuma ɗauki jerin takun. Dangin kare suna barin alamar farce, dangin kyanwa ba sa bari. Raba sawun dila da na karen ƙauye yana da wuya ko ga gwani, don haka "dangin kare" ya isa. Ƙayar beguwa, saɓar maciji, da dabbar da mota ta take duk shaida ce. Abin da maharbi ya ba ka labari ka rubuta shi a matsayin labari, da shekarar da ya ce ya gani, a shafi daban. Dabbar da ka gani a kasuwa ba a kasuwar take rayuwa ba: ka tambayi inda aka kamo ta, ka nuna a rubutun cewa a kasuwa ka gan ta, kuma kada ka saya, sayen yana sa a koma a kamo wata. Maciji daga nisan mita uku ake ɗaukarsa, domin akwai mai feshin dafi a ido daga nisan mita biyu ko fiye. Kububuwa ƙarama ce, kalar ƙasa, ita ce ta fi cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo, kuma tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tarin kara, daidai inda mai neman ƙwari yake sa hannu. Da sanda ake juya dutse. Kan macijin da aka kashe ma yana iya sara.

Ba kowane wuri ake bayyanawa ba. Sheƙar ungulu, makwancin gauraka ko burtu, ramin da dabba ke da 'ya'ya, da kurmin madobiya, wadda yawan saranta ya sa aka saka ta ƙarƙashin dokar cinikin ƙasa da ƙasa ta CITES, duk akwai masu neman su don kuɗi. A iNaturalist kana iya ɓoye ainihin wurin, jama'a su ga faffaɗan yanki na kusan kilomita 22 kawai. A Facebook kuwa ko sunan ƙauyen kada ka sa.

Kanka ma abin kiyayewa ne. A wannan zamani baƙon da ke yawo da madubin hangen nesa yana rubuce-rubuce abin zargi ne. Kafin ka fara a ƙauyen da ba naka ba, ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka nuna masa littafin da hotunan, ka nemi ya haɗa ka da wani. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da bariki, shingen jami'an tsaro, ko gidan da mata ke ciki. Dazuzzukan da ake fama da 'yan bindiga a bar su sai an samu lafiya. Gandun da gwamnati ta killace, kamar Yankari ko Baturiya ko Dagona, da izini ake shiga, kuma ba a ɗebo samfuri a cikinsu sai da takarda.

Wata rana za a kawo maka tsuntsun da ya mutu ko ya faɗa koma, da zobe a ƙafa ko ƙaramar na'ura a baya. Ba na leƙen asiri ba ne, masu bincike ne suka sa don sanin hanyar ƙaurarsa. Ka kwafi duk abin da ke jikin zoben harafi da harafi, ka juya shi ka ɗauki hoto ta kowane gefe, domin lamba ɗaya da ta ɓace ta ɓata sauran. Yawanci akwai sunan gari ko gidan tarihi na ƙasar da aka sa shi. In zobban roba ne masu launi a jikin rayayyen tsuntsu, ka rubuta wace ƙafa, sama ko ƙasa da gwiwa, da jerin launukan daga sama zuwa ƙasa. Ka haɗa da rana da wuri da halin da aka same shi, ka aika wa APLORI ko ƙungiyar EURING mai haɗa masu sa zobe na Turai. Sukan dawo da amsar inda aka sa masa zoben da ranar. In yana da rai, a karanta zoben a sake shi da abinsa, kada a cire.